Takardar Godiya ta Malama Martina

Kwamitinmu na hana yaƙi sai da ya yi zama huɗu kafin ya samu suna. A zama na biyar aka shiga gardamar launin ƙyallen da za a rubuta sunan a kai. Wannan cikin watan Agusta ne, shekarar da sojoji suka ƙwace mulki a Nijar, lokacin da duk inda mutum ya zauna a Zariya zance ɗaya ake yi: wai za a tura sojojinmu su tsallaka iyaka. An rufe boda, an yanke musu wuta, 'yan Maraɗi masu albasa a kasuwar Sabon Gari sun daina wasa da kowa. Mu kuwa muna falon Dakta Dominic a Samaru muna ɗaga hannu a kan fari ko shuɗi. Shuɗi ya ci da ƙuri'a ɗaya. Aka zana kurciya a tsakiya, ta fito kamar kazar da ruwa ya yi wa duka.

Ni ce sakatariya. Sunana Martina, 'yar Wusasa, malamar firamare da ta yi ritaya, kuma ina zaune a Samaru tun kafin a haifi rabin 'yan kwamitin. Ba don girmana suka ba ni kujerar ba. A cikinsu su goma sha ɗaya, masu digiri bibbiyu da uku-uku, babu mai iya rubuta Hausar da za a karanta wa mutum ya gane bai nemi tafinta ba.

Shugabanmu Dakta Dominic malamin jami'a ne, kuma zaman lafiya ya karanta, har da satifiket. Ya je taro a ƙasashe bakwai, wanda duk ya zauna da shi minti goma zai tashi ya haddace sunayensu. Ba ya buɗe baki sai ya gaida kowa da muƙaminsa, ba ya rufewa sai ya gode wa kowa, tun daga babban baƙo har mai jera kujeru. Matsalar ita ce ba ya riƙe sunan kowa. Shekara shida yana ce min Malama Margaret. Don haka kullum sai an rubuta masa.

A nan gara in faɗi nawa abin taƙamar. A Samaru, in ana biki ko godiyar kaka a coci ko ranar raba kyaututtuka a makaranta, ni ake kira in rubuta takardar godiya. Shekara talatin da biyar ban taɓa tsallake mutum ba. Suna cikakke, sunan miji, muƙami, unguwa, da abin da mutum ya yi. A wurina rabin suna zagi ne. Na ga gidaje biyu sun shekara ba sa gaisawa saboda an manta da wadda ta ba da aron tukunya, amma ba a bikin da na riƙe biro ba.

Aikinmu na farko shi ne sanarwa. Dakta ya rubuta ta da Turanci, shafi shida, ni na juya ta Hausa ina tsaki. Kowane sakin layi da "bisa la'akari da" yake farawa. Mun yi la'akari da tarihi, mun yi la'akari da dokar ƙasa da ƙasa, mun yi la'akari da wata yarjejeniya da aka sa wa hannu kafin a haifi uwata. Sai a shafi na shida muka yi ta maza muka ce ba ma son yaƙi, shi ma "a wannan mataki". Aka aika wa jaridu uku a Kaduna. Mako biyu Dakta yana tsayawa wurin mai jarida kowace safiya, ya buɗe shafi-shafi ya mayar bai saya ba, har mai jaridar ya koma zama a kansu in ya hango motarsa.

Da jarida ta ƙi, sai aka tura ni rediyo. Akwai wata ƙaramar tashar FM a Sabon Gari, a saman wani shagon taya. Mai shirin safiyar Asabar a can, Kehinde, ɗalibina ne a aji huɗu. Bayerabe ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta ninka ta Dakta sau goma, kuma shirinsa ne 'yan kasuwa da masu keke napep da makanikan Chikaji suke kunnawa. Na kai masa sanarwar ranar Litinin. Da na koma Laraba na tarar da ita a kife a kan teburinsa, an rubuta cigiyar awaki biyu da sanarwar rasuwa a bayanta.

"Malama, ki yi haƙuri, takarda ce ta yanke mana," in ji shi yana sosa ƙeya. "Amma tsakani da Allah, in na karanta wannan, kafin in kai shafi na biyu duk Zariya ta koma tashar waƙa."

"To me kake so?"

"Mutum nake so. Kullum masu bugo waya cewa suke a je a yi, wai kwana uku an gama. Ki kawo min wanda abin zai taɓa fatarsa ya ce musu a'a. Minti biyar zan ba shi. Oganku ma ya zo ya zauna, in dai zai iya taƙaitawa."

Na kai wa kwamiti wannan saƙo. Ashe duk cikinsu babu wanda ya san mutum ɗaya da yaƙi zai taɓa. Wani ya ce a kafa ƙaramin kwamiti ya gano irin mutanen. Wata lauya ta ce a fara rubuta sharuɗɗan zaɓen su. Na tattara littafina na ce su ci gaba, ni za ni kasuwa.

Bibiana ce a raina. Shekara ashirin a wurinta nake sayen manja da agushi, a layin 'yan kifi na kasuwar Sabon Gari. Iyayenta daga kudu suka zo, ita a nan aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta sha a nono. Na koyar da babbar 'yarta Chimdi, don haka Maman Chimdi nake ce mata. Mijinta, Saje Felix Anozie, soja ne, suna zaune a bariki da 'ya'ya uku.

Ana yayyafi na same ta tana rufe buhunan gari da leda. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta saurara har na gama, sannan ta yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"Malama, abeg, don Allah. Kin san dokar bariki. Matar soja ba ta da baki a waje. In na yi tari a rediyo, Baban Chimdi ne zai sha maganin."

"Ba wanda zai san ke ce."

"Saura masa wata goma sha huɗu ya ajiye kaki. Ya yi Laberiya, ya yi Saliyo, ya yi Borno sau biyu. Yanzu sun bar shi yana tsaron sito, kullum ya dawo gida ya ci abinci ya yi min faɗan gishiri ya yi yawa. Abin da na shekara ashirin da biyar ina roƙon Ubangiji ke nan. Kada ki taɓa min shi."

Na ce za a canza muryarta, na ce ba za a faɗi sunanta ba, ko unguwarta, ko sana'arta. Ta juya tana kallon rumfar da ke kusa da tata, inda wani dattijo ɗan Maraɗi yake zaune a kan buhun albasa da waya a hannu. Ta ce kwana goma sha biyu ke nan yana neman layin gidansu. Ta ce akwai yara sababbin ɗauka da suke zuwa cin shinkafa gidanta ranar Lahadi, ko gemu ba su tsirar ba, su ma murna suke wai za su ga ƙasar waje.

"Wannan Daktan naku, ya san ni?"

"Bai san ki ba. Shi ko ni bai sani ba."

"To ke na sani. Ki yi min alkawari."

Na ɗaga hannu a gaban buhun agushi na yi mata alkawari a gaban Ubangiji cewa sunanta ba zai fita ba. Na kuma sanar da kwamiti a zama na gaba cewa mai maganar sirri ce. Dakta yana amsa waya a lokacin, amma ya gyaɗa kai.

Ranar Alhamis da azahar ta zo tashar, ta lulluɓa da aron mayafi, ta bi ta cikin shagon taya kamar mai neman tayar keke. Kehinde ya zaunar da ita gaban makirufo ya ce ta yi magana kamar da maƙwabciya take yi. Ba ta riƙe takarda ba.

"Ni matar soja ce," ta ce. "Ni nake wanke kakin, ni na san warin da yake dawowa da shi. Masu cewa kwana uku an gama, uwata ma haka aka gaya mata lokacin yaƙin basasa. Ta bar garin nan da 'ya'ya huɗu, ta dawo da biyu. Ba harsashi ya kashe su ba, yunwa ce. Har ta mutu tana ɓoye gishiri a ƙarƙashin katifa, muna yi mata dariya. Ranar da muka ɗaga katifar bayan jana'iza, ƙulli goma sha tara muka samu. Yanzu kun ce a je. Mijina ne zai yi harbin. Wanda za a harba ƙanin mai albasan da yake tsare min rumfa ne in na tafi coci. To ku gaya min, wanne zan roƙa wa Allah ya riga ɗan'uwansa harbi?"

Minti huɗu ta yi. Kehinde ya daɗe bai kashe na'urar ba. Daga baya ya yi ta murɗa maɓallai har muryar ta yi kauri ta koma ta wata tsohuwa da ba wanda ya sani. Ya kunna mata, ta ce ko mijinta ba zai gane ba. Ta gyara mayafi ta koma rumfarta, don an ce ba sai ta zo ranar Asabar ba.

Asabar da ƙarfe takwas saura Dakta ya iso cikin kwat da laktaye da turare, don shiga rediyo. Ya tambayi Kehinde ko akwai mai ɗaukar hoto. Saura minti biyar a shiga ya hau lalube aljihu, ya juyo a firgice.

"Malama Margaret! Ina takardar godiya?"

Ban shirya ba, don ban zaci shirin rabin awa yana da jawabin godiya ba. Amma an ce takardar godiya, kuma ni aka kalla. Na zauna a benci, na yago shafi daga littafina, na ɗora a gwiwa. Manajan tasha. Kehinde. 'Yan kwamiti goma da muƙamansu. Mai shagon taya da ya bar mu muka ajiye mota. Wanda ya zana kurciya. Hannuna yana gudu yadda ya saba, yana neman wa ya rage, wa ya ba da wani abu ba a ambace shi ba. Ya kuwa samu. Na rubuta sunan Bibiana, da sunan mijinta da muƙaminsa, da layin rumfarta, na ƙara da "wadda ta ba da murya". Ban yi tunani ba. Wannan ita ce gaskiyar, kuma ba uzuri ba ce. Na miƙa masa, har da ɗan jin daɗin cewa cikin minti biyu na gama ban tsallake kowa ba.

Suka shiga, aka rufe ƙofa, jar fitilar da ke samanta ta kama. Ni ina tsaye a baranda ina kallonsu ta gilashi, ina jin shirin ta wata 'yar rediyo da ke kan taga. Kehinde ya ce ga saƙon wata uwa, ya saki muryar. Kafin ta kai ƙarshe wayoyin tashar biyu sun ɗauki ruri. Wani mai keke ya ce ya faka a gefen titi don idonsa ya cika. Wani da ya saba kira yana cewa a je a yi ya bugo ya ce shi dai yau ba shi da ta cewa. Wata mata ta kira ta kasa magana, sai numfashi. Na ce a raina yau dai mun yi abin kai, duk da kwamiti.

Sai aka ba Dakta. Ya yi la'akari da tarihi. Ya yi la'akari da ƙasashe uku cikin bakwai ɗin. Kehinde ya nuna masa agogo, ya sake nuna masa, sannan Dakta ya zaro takardata ya gyara tabarau.

A suna na uku na tuna.

Tsakanin suna na uku da nata akwai mutum goma sha ɗaya. Lokaci ne mai yawa, ya isa mace ta taka taku huɗu ta murɗa ƙofa ta fizge takarda. Amma jar fitila tana kunne, kuma an rubuta a jikin ƙofar kada a shiga in tana kunne. Ni kuwa shekara talatin da biyar ina dukan tafin yara saboda sun shigo aji ba izini. Na tsaya a inda nake, na hau ɗaga hannu ina kaɗawa ta gilashi. Kehinde ya ba ni baya yana amsa waya. Dakta ya gan ni, ya ɗauka jinjina nake masa, ya yi murmushi ya ɗaga min babban yatsa.

"Sai kuma babbar godiya," ya ce, ya ƙara buɗe murya, "ga jarumar da duk muka ji muryarta yau, Misis Bibiana, uwargidan Saje Felix Anozie, mai rumfar manja a layin 'yan kifi."

Kehinde ya wurgar da wayar ya ja maɓalli ƙasa, ya saki kiɗa. Ya makara da numfashi ɗaya.

Da suka fito, Dakta bai ma gane abin da ake wa ihu ba. "Mene ne? Ai mutunta ta na yi. Irin waɗannan matan ba a cika ba su haƙƙinsu ba." Wayarsa ta yi ƙara, wani abokin aikinsa ne yake taya shi murna, ya sauka bene yana dariya. Takardar ya bari a kan tebur. Kehinde ya ɗauka ya duba. A kan wannan rubutun ya koyi haɗa baƙi, ba sai an gaya masa na wane ne ba. Ya ninke ta huɗu, ya sa min a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai.

"Ki adana wannan, Malama," ya ce, ya koma ciki.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji, don ban je ba. Kafin azahar layin 'yan kifi ya cika da masu zuwa ganin matar rediyo. Wasu sun sa mata albarka, wasu sun ɗauke ta hoto ba su tambaya ba. Da yamma Magajiya, shugabar matan bariki, ta aika a kira ta. Litinin aka kira Saje Felix ofis. An ce ba wanda ya ɗaga masa murya, ba wanda ya ambaci rediyo, tambayarsa kawai aka yi ko iyali suna lafiya. Bayan kwana goma takardar canjin wurin aiki ta fito, an tura shi wata rundunar da ke cikin daji a arewa maso gabas, inda ba jita-jitar yaƙi ake yi ba. Ɗakinsu kuma wanda zai gaje shi yana buƙata cikin mako biyu. Ba wanda ya ce saboda shirin ne, ni ma ba zan iya rantsewa ba. Sai dai cikin masu tsaron sito su biyar, sunansa kaɗai ya fito.

Yaƙin Nijar kuwa ba a yi shi ba. Zancen ya yi ta sanyi har ya mutu, don dalilan da ba su san da zaman falon Samaru ba. Wannan bai hana kwamitinmu yin walima ba. Aka rataya shuɗin ƙyallen nan mai kaza a bango, aka soya nama, Dakta ya yi jawabin awa guda kan yadda muryar talaka a ƙaramar tasha ta juya akalar yanki. Ya ce zai rubuta maƙala a kai, kuma an riga an gayyace shi ƙasa ta takwas. Lauyar nan ta kawo shawarar a ba Bibiana lambar yabo, aka kafa ƙaramin kwamiti ya duba. Ba wanda ya tambayi inda take kwana. Na zauna a ƙarshen tebur ina kallonsu suna tsotsar ƙashi, ina jin ƙyamarsu, takardar nan tana cikin jakata a ninke.

Mako uku ban taka kasuwar Sabon Gari ba. Na koma sayen manja a Samaru, wani mai ɗaci da ko miya ba ya ja. In na hango lambarta a waya sai in kife wayar. Ranar wata Talata ta aiko da saƙo ta bakin mai keken da yake kai mata kaya: tana Chikaji, tana son ganina, in ba zan zo ba ita za ta zo. Na sa takardar a jaka na ce yau zan ajiye mata ita a gabanta, ta yi min duk abin da za ta yi.

Ɗaki ɗaya ta samu a bayan wani shagon walda. Tun daga bakin lungu ƙarar yankan ƙarfe take shiga haƙori. Katifu biyu a jingine da bango, tukwane a cikin bahon wanka, akwatin ƙarfe na soja a tsakiyar ɗaki an mai da shi tebur. Ta rame. Ta share min bakin akwatin da gefen zaninta na zauna, ta kawo ruwa a kofi.

"Maman Chimdi, ya Baban Chimdi?"

"Ya kira shekaranjiya. Sai ya hau wani dutse yake samun layi. Ya ce in daina kuka, soja ne shi." Ta jira har mai waldar ya tsagaita. "Bai yi min faɗa ba, Malama. Da ya yi min faɗa da ya fi min. Ranar da zai tafi cewa ya yi ya ji shirin, wai maganar gishirin Mama gaskiya ce."

Na sa hannu a jaka, na taɓa takardar.

"Na san abin da ya hana ki zuwa," ta ce. "Kunya kike ji. Ki daina. Na ji da kunnena, wannan mutumin ne ya faɗa, da bakinsa mai kama da buɗaɗɗen famfo. Mai shagon taya ya gaya min yadda kika yi ta ɗaga hannu ta gilashi kina hana shi. Ya ce da kika sauko ko gani ba kya yi."

"Bibiana..."

"Ki bar shi da Allah. Mutumin da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, ya je ya binciko sunana har da layin rumfata don ya burge mutane. Irinsu haka suke, mu kayan ado ne a wurinsu. Ke kin yi alkawari kin riƙe, na sani. Shekara ashirin ban taɓa kama ki da ƙarya ba."

Injin walda ya sake tashi. Ta matso kusa don in ji ta, ta dafa gwiwata.

"Abin da ya sa na kira ki, Chimdi ce. Jarrabawar fita take fuskanta, kuma kin ji wurin nan. Ga ƙannenta biyu a ɗaki ɗaya, ga maza suna zirga-zirga a lungu. Babanta ya ce in kai ta wurin wanda na yarda da shi. Na duba garin nan kaf, ni da aka haifa a cikinsa, yanzu ba na iya kallon kowa ban yi tunanin me zai je ya faɗa ba. Sai ke. Ki riƙe min ita har ta gama."

Ta tashi ta janyo wata jaka daga bayan katifa. Ashe ta riga ta haɗa kayan yarinyar, littattafai a ƙasa, kayan makaranta a sama a goge. Ta tsaya riƙe da ita tana jiran amsata, idonta a kaina, babu ko ɗigon shakka a ciki.

Takardar tana tsakanin yatsuna biyu. Na san abin da ya kamata in ce, tun daga Samaru nake jera shi a cikin keke. Na zaro hannuna daga jakata ba komai a cikinsa, na buɗe baki.

"Ki ƙara mata bargo," na ce. "Ɗakin nawa yana da sanyi da damina."